Waya ta cika da littattafai, ido na yaji: Kindle za a saya ko tabilet?

Tambaya daga wata malamar Islamiyyar matan aure a Garwa: Assalamu alaikum. Wayata Tecno ce mai giga 32. A cikinta nake duba littattafan darasi na Larabci, da na hikaya na Hausa da ake turowa ta WhatsApp, da takardun Faransanci na 'yata da ke lise, wato sakandare, kuma ina sauraron tafsiri. Yanzu kullum cewa take wuri ya cika. Rubutun ƙanana ne sai na yi ta ja da yatsa, idona na yaji, caji ba ya kai ni la'asar, wasu haruffan Hausa kuma akwati-akwati suke fitowa. Ƙanena da ke Yawunde ya ce in zaɓa tsakanin Kindle da tabilet zai sayo mini. Wanne ya fi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka wa ƙanen naki da alheri, amma ki ce masa ya ɗan riƙe kuɗin tukuna. Idan tsakanin biyun nan ne kawai, ga irin karatun da kika lissafa tabilet mai inci 10 da ke karɓar katin memori ya fi miki Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin abin da kike kuka da shi zai bi ki har cikin sabuwar na'urar, domin ba daga wayar yake ba. Daga irin fayilolin da ake turo miki ne, da inda kike ajiye su, da zafin ƙasar nan tamu. Gyaran waya da koyar da kwamfuta nake yi a nan Marwa, kuma da wuya yini ya wuce wani bai shigo shago da irin wannan koken ba.

Kada ki raina wayar hannunki. Tun kafin zuwan waya mai shafawa akwai ƙananan kwamfutocin aljihu, kuma mutane sun karance manyan littattafai a kansu. Palm Pilot na farko da ya fito a 1996 ma'ajinsa kilobait 128 ne, ko hoto ɗaya na wayarki ba zai ɗauka ba, fuskarsa kuma babu launi. A 2000 Microsoft ya fito da tsarin Pocket PC, a shekarar ce kuma aka kafa wani kamfanin Faransa mai suna Mobipocket, wanda ya yi manhajar karatu domin irin waɗannan na'urori. Amazon ya saye shi a 2005, kuma a kan tsarin fayilinsa aka gina Kindle na farko a 2007. Abin da ya sa karatu ya yiwu a 'yar mitsitsiyar fuska shi ne littattafan tsurar rubutu ne, mai bin faɗin duk fuskar da ya samu kansa a ciki. Mu kuwa mun samu na'urar da ta ninka waɗancan sau dubbai, sai muka cika ta da hotunan takarda.

Nan ne asalin jan rubutu da yatsa. Kamfanin Adobe ya ƙirƙiro PDF a 1993 domin shafi ya fito yadda aka tsara shi ko a wace kwamfuta, ko a wane injin buga takarda. Wato shafin a daskare yake. Takardar da aka saba bugawa a kai faɗinta santimita 21 ne, fuskar waya irin taki kuwa wajen santimita 7, kin ga an matse shafin ya koma sulusinsa ke nan. EPUB, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2007, ba shi da shafi tsayayye: ke za ki zaɓi girman harafi, layuka su sake jeruwa da kansu, ki yi ta juya shafi da babban yatsa ba tare da ja hagu ja dama ba. PDF riga ce da tela ya ɗinka a kan awon wani, EPUB kuwa zane ne, kowa ya ɗaura daidai ƙugunsa.

Shi kansa PDF ɗin iri biyu ne, kuma gane bambancinsu zai rage miki wahala. Ki buɗe fayil, ki ɗora yatsa a kan wata kalma ki riƙe. Idan kalmar ta yi launi har ya ba ki damar kwafe ta, rubutu ne na gaske a ciki. Idan ba abin da ya motsa, hoton shafi ne aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya aka ɗinke. Na farkon yana da sauƙin nauyi, ana iya neman kalma a cikinsa, ana iya juya shi zuwa wani tsari. Na biyun shi ke cinye wuri. Littafin hikaya mai kalmomi 100,000, idan tsurar rubutu ne, bai kai mega ɗaya ba. Shi ɗin dai idan hotonsa aka ɗauka zai iya haura mega 50.

Littattafan hikaya na Hausa su ne mafi sauƙin gyara, domin marubutan da kansu a waya ko a kwamfuta suke rubuta su, rubutun na nan. Idan kina saya daga marubuciya, ki nemi ta ba ki a EPUB, in babu ko a takardar Word. Ki sauke manhajar karatu ta gaske maimakon wadda wayar ta zo da ita. Ni ReadEra nake fara saka wa mutane: kyauta ce, ba ta da talla, tana buɗe PDF da EPUB da Word da tsurar rubutu, tana tuna shafin da kika tsaya, kuma ba ta buƙatar rezo, wato layin intanet. Librera da Moon+ Reader ma suna da kyau, sun fi yawan saituna ga mai son tone-tone. Waɗanda suka riga suka zo miki a PDF mai rubutun gaske, duk mai kwamfuta zai iya juya miki su da Calibre, manhajar kyauta da ake amfani da ita tun 2006. Aikin minti biyu ne, sai dai wani lokaci lambar shafi takan faɗo tsakiyar jimla. Ga hikaya wannan ba ya hana jin daɗin labari.

Amma littattafan darasinki na Larabci, kada ki bari kowa ya juya miki su. A nan nake saɓa wa samarin da ke cewa EPUB ya fi PDF a komai. Rubutun Larabci idan aka zaro shi daga PDF sau da yawa yakan fito a wargaje: haruffa su rabu da juna, kalma ta juya baya, wasula su zube ko su hau kan harafin da ba nasu ba. A hikaya kuskure irin wannan abin dariya ne, a fiƙihu kuwa wasali ɗaya na iya mayar da mai aikatawa wanda aka aikata wa. Ga kuma tsarin shafin kansa: matani a sama ko a tsakiya, sharhi a ƙasa, hashiya a gefe. Wannan jerin wani ɓangare ne na karatun, kuma ɗalibanki da ke riƙe da bugun takarda lambar shafi za ki ce musu su buɗe. Saboda haka kitabi ya zauna a PDF ɗinsa na hoto, komai nauyinsa. Abin da za ki yi a waya shi ne ki kwantar da ita a gicciye, sannan ki kunna yanke gefen shafi a cikin manhajar, ta cire farin filin da ke kewaye da rubutun. Waɗannan biyun kaɗai sukan kusa ninka girman harafi. Idan kuma neman wata mas'ala kike yi cikin sauri, manhajar littattafan Larabci ta Maktaba Shamila tana da dubban littattafai a rubutun da ake iya bincika, kuma yawancinsu an bi lambar shafin bugun takarda. Ki nemo wurin a can, ki tabbatar a hoton bugun.

A nan ne tabilet ke cin kuɗinsa. Fuska mai inci 10 idan aka tsayar da ita faɗinta ya ɗan haura santimita 13. Kitabin da aka saba bugawa faɗin takardarsa wajen santimita 17 ne, idan aka yanke farin gefe abin da ya rage kusan daidai da fuskar yake. Wato za ki ga shafin kusan a girmansa na asali.

Tunda makaranta kike koyarwa, bari in ƙara wani abu da ba ki tambaya ba. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da riwayar Hafsu suke buɗewa, alhali da yawa daga cikin matan da ke zuwa Islamiyya da Warshu suka taso tun daga makarantar allo. Ba lafazi kaɗai ya bambanta ba. A rubutun da muka gada fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, sannan ƙidayar ayoyi a mus'hafin Hafsu 6,236 ce, a na Warshu da aka saba 6,214, don haka lambar aya kan goce a wasu surori. Ki shiga saitin manhajar ki zaɓi riwaya, ki kuma tabbatar makarancin da kika sauke muryarsa ita yake karantawa. Cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina tana da bugun Warshu, kuma ya fi a dogara da irinsa a kan wani fayil da ba a san hannun da ya bi ba.

Akwatunan da kike gani a madadin haruffa dalilinsu biyu ne, maganinsu ma daban-daban. A tsarin Unicode da wayoyi ke aiki da shi, ɓ da ɗ da ƙ kowanne na da lambarsa, haka ma ƴ da ŋ da 'yan'uwanmu Fulani ke rubutu da su. Idan fayil ɗin lafiyarsa lau amma salon haruffan da manhajar ta zaɓa ba shi da zanen harafin, sai ta ajiye akwati a gurbinsa. Wannan sauya salon haruffa kawai za ki yi. Na gidan Noto suna da su, haka Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, duka kyauta, kuma Librera da Moon+ Reader suna karɓar salon da kika ƙara musu da kanki. Ga ajami, SIL ɗin dai sun yi Alkalami, mai bin hannun Kano, da Harmattan. Dalili na biyu ya fi naci. Tsofaffin takardu da aka buga kafin Unicode ya yaɗu, dabara aka yi: aka ɗauki wata alama da ba a cika amfani da ita ba aka zana mata harafi mai ƙugiya. Shi ya sa za ki ga "}asa" a inda ake nufin ƙasa, ko "]aya" a inda ake nufin ɗaya. Wannan babu salon da zai gyara shi a wayarki. Sai an buɗe takardar a Word an ce ya nemo kowace alamar ya musanya ta da harafin gaskiya, sau ɗaya tak, a adana.

To, Kindle fa? Ba na kushe shi, na'ura ce mai kyau ga wanda aka yi ta dominsa. Fuskarsa cike take da ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe da lantarki ke jerawa, kuma da zarar shafi ya zauna ba ya ƙara cin wuta sai an juya. Shi ya sa caji ɗaya ke yin makonni, shi ya sa kuma ake karanta shi a tsakar rana tangaran. Ga mai karanta hikaya zalla babu kamarsa. Amma ki duba naki lissafin. Fuskar na gama-gari inci 6 ko 7 ce, kuma tana da nawa wajen sauyawa, don haka jan PDF na hoto a kansa ya fi na waya ban haushi. Ba ya nuna bidiyo, ba shi da ramin kati, ba a kuma yi shi don tafsirin da ake turawa a MP3 ba. EPUB ma ba ya buɗe shi kai tsaye: sai an aika ta hanyar Amazon a intanet, wadda ta fara karɓarsa a 2022, ko an juya shi a kwamfuta. Masu irin wannan fuskar na Kobo da PocketBook sun fi shi sauƙin kai ta wannan fannin. Sannan gilashin da ke ƙarƙashin fuskar siriri ne ƙwarai, yaro ya zauna a kan jaka shi ke nan, kuma da wuya ki samu madadinsa a kasuwar Garwa ko ta Marwa.

Mu koma kan cikar wuri. Ina da yaƙinin ba littattafai ne suka cika wayar ba. Giga 32 ɗin nan tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun ci kaso mai tsoka, saura kuma WhatsApp ke kwashewa. Ki shiga saitinsa, ɓangaren ma'aji da data, ki ga abin mamaki: bidiyon biki, gaisuwar Juma'a mai furanni da aka turo a zaure goma, wa'azi ɗaya da ya sauka sau biyar. Ki kashe saukar da kai na hoto da sauti da bidiyo, sai abin da kika taɓa da hannunki ya sauka. Daga nan ki fitar da littattafanki daga cikin WhatsApp gaba ɗaya. Muddin suna can, ranar da aka goge zaure ko aka sake saka manhajar za su iya tafiya tare. Ki buɗe folda a kati, Larabci daban, Hausa daban, na 'yarki daban, ki kuma sauya musu suna. Fayil mai suna irin DOC-20240312-WA0007 ko ke da kika sauke shi ba za ki gane shi ba bayan wata guda.

Tafsiri kuwa lissafi ne mai sauƙi. Sautin MP3 a kan awon 128, wanda aka saba yi wa waƙa, yana cin kusan mega 58 a awa. A kan 64 rabin haka ne, a kan 32 kuma mega 14 da ɗoriya, kuma muryar mutum ɗaya da ke magana tana fita sarai a 32 ko 64. Ki ɗauka tafsirin azumi awa biyu ne kullum har kwana 30, awa 60 ke nan: a 128 ya kusa giga uku da rabi, a 32 bai kai giga ɗaya ba. Shi ɗin a bidiyo mai kyan hoto zai iya cin wajen giga ɗaya kowace awa, katin giga 32 ma ba zai ɗauke shi ba. Malam yana zaune ne a kujera, mai jan baƙi na gefensa, me za ki kalla na awa 60? Idan kin je wurin masu turi ki ce sauti kike so. Wanda ya riga ya zo a bidiyo, VLC na kwamfuta yana zare sautin, VLC na waya kuma yana iya kunna bidiyo a matsayin sauti fuska a kashe, ya tuna inda kika tsaya, ya kashe kansa bayan lokacin da kika ɗiba masa idan barci ya ɗauke ki. Fim na nishaɗi kuma, a fuskar waya awon 360 ko 480 ya wadatar.

Katin memori shi ne abin da zan ce a fara saya, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Akwai katin da aka rubuta giga 64 ko 128 a jikinsa, wayar ma ta nuna haka, alhali cikinsa giga 8 ne ko ƙasa. An yi wa ɗan ƙwaƙwalwar katin dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Makon farko komai lafiya. Da ainihin wurin ya cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho ko ya tafi babu inda ya sauka, sunayen fayiloli suna nan reras, amma in kin taɓa sai ya ce ba ya buɗuwa. Mutum ya zo shago yana cewa ƙwayar cuta ce ta shiga wayarsa, nan kuwa tun ranar saye kallon kitse ya yi wa rogo. Gwajinsa shi ne a cika katin taf da bidiyo kafin a ɗora masa wani abu mai muhimmanci, a kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Mai kwamfuta zai yi miki wannan da 'yar manhajar H2testw. Katin gaskiya mai giga 32 wajen 29 da 'yan kai yake nunawa, wannan ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne. Idan kuma kin ga mai giga 128 a farashin mai 16, araha ba ta ado.

Idan kin saka katin, wasu wayoyin kan tambaya ko a haɗe shi da ma'ajin cikin waya ko a bar shi na cirewa. Ki zaɓi na cirewa. Wanda aka haɗe kulle shi ake yi da mabuɗin wannan wayar kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko ta ƙi tashi katin ba zai karantu a wata ba.

Duk wannan nacin da nake yi a kan kati da folda dalilinsa ɗaya ne: a yankinmu littafin da sai da rezo yake buɗuwa ba abin dogaro ba ne. Ki hau mota daga Garwa zuwa Ngaundare, ko jirgin ƙasa na dare daga can zuwa Yawunde, ki ga sau nawa layi ke ɗaukewa. Maƙwabtanmu na Chadi an rufe musu shafukan sada zumunta, har da WhatsApp, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu, har da Kamaru. Shagunan littattafan intanet su ma suna mutuwa. Microsoft ya rufe nasa a 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai kuɗinsu aka mayar musu. OkadaBooks ta Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa ɗora littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Don haka duk littafin da kika saya, ki tambaya ko fayil ne za a ba ki a hannu ko kuwa izinin leƙawa ne a cikin wata manhaja. Abin da ba za ki so rasa shi ba kuma ya kasance a wuri biyu, kati na biyu a cikin akwati ya isa.

'Yarki ma za ta amfana da wannan. Tsofaffin littattafan adabin Faransanci da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a Wikisource da Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, da yawa a EPUB. Manhajar Kiwix kuma tana sauke Wikipedia ta Faransanci ko ta Larabci ko ta Hausa a ajiye a kati, a yi ta bincike ba data. Akwai ƙaramin zubi marar hotuna ga mai ƙarancin wuri. Idan aka sauke muryar Faransanci a wayar, za ta iya karanta mata darasi a bayyane tana aikin gida. Kada dai a ba wannan muryar rubutun Hausa, abin da zai fito ba ya saurarowa.

Kyauta ta halal daban, kayan wani daban. Matan nan da ke rubuta hikaya da yawansu da ɗan abin da ake biya suke sayen data da cefane, kuma tura littafin kuɗi a zaure ba da izininsu ba ke malama kin fi ni sanin hukuncinsa. Akwai kuma hatsari na zahiri. Idan aka turo miki "littafi" sunansa ya ƙare da apk, manhaja ce, ba littafi ba, kada ki buɗe. Littafi ba ya neman izinin karanta saƙonninki, kuma wayar nan ita ce dai mai ɗauke da asusun kuɗinki na waya.

Yajin ido kaso mai yawa zai ragu da zarar harafi ya girma. Saura kuma bushewa ce: mai kallon fuskar waya ƙiftawarsa raguwa take yi, ga iskar hunturu da ƙura. Likitocin ido na ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Hasken fuska ya yi daidai da na ɗakin, kada ki karanta da cikakken haske a cikin duhu, launin shafi kuma ki mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa. Gilashin ido da ake tallatawa wai yana tare shuɗin haske, bitar binciken da ƙungiyar masana lafiya ta Cochrane ta fitar a 2023 ba ta ga alamar yana rage gajiyar ido ba, kada ki zuba kuɗinki a can. Idan kin haura shekara 40 kuma kin lura kina nesanta takarda kafin ki gani, wannan sauyin shekaru ne, tabarau na karatu yake so, a je asibitin ido a auna. Ciwon kai mai naci ko gani dishi-dishi ma na likita ne, ba na mai gyaran waya ba.

Batir kuma abu biyu ke shanye shi, hasken fuska da neman rezo. Inda layi ba ƙarfi wayar ƙara ƙoƙari take yi, ta yi zafi, caji ya zube. Tunda littattafan na kati, ki saka ta a yanayin jirgin sama lokacin karatu, za ki ga bambanci a ranar. Baƙin shafi yana rage cin wuta ne kawai a fuska irin AMOLED, yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi kuwa LCD ne, fitilar bayansu a kunne take ko shafin baƙi ne ko fari. Babban mai kashe batir a nan shi ne zafi. Apple ma cewa ya yi a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Maris da Afrilu Garwa kan haura 40, kuma a lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya wuta ta yi ƙaranci, kowa ya riƙa caji a duk inda ya samu. Kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko a cikin rana. Idan da faifan sola ne, faifan a rana, wayar a inuwa, a cire mata riga. Kada a riƙa barinta tana mutuwa ƙurmus, a jona tun tana wajen kashi 20. Idan an ɗauke wuta a zare caja, domin dawowarta ce ke ƙona kaya. In kin ga bayan wayar ya kumbura, a daina caji a kai a sauya batir a ranar. Fawabank mai 10,000 kuma kada ki sa ran zai cika waya mai 5,000 sau biyu, wajen sulusin wutar a hanya yake lalacewa, sau ɗaya da 'yan kai za ki samu. Idan za ki bar wayar a shagon caji, ki zare katin ki tafi da shi.

Ki gwada waɗannan na mako biyu. Idan kitaban Larabcin ne kaɗai suka rage suna wahalar da ke, to a sayi tabilet ɗin. Ki ce wa ƙanen naki inci 10, ƙwaƙwalwar aiki giga 4, ma'aji giga 64, da ramin kati, na kamfanin da aka sani irin Samsung ko Lenovo, domin marasa suna sukan rubuta a kwali abin da babu shi a ciki. Ya duba kaifin fuskar ya zama 1920 a 1200. Mai 1280 a 800 ya fi araha, amma wasula da hashiya sukan dushe a kansa. Ba dole sai mai layin waya ba, za ki riƙa tura masa fayiloli daga wayarki ta Quick Share ba tare da data ba, ko ki saka masa katin kai tsaye. Ya haɗo da riga mai murfi saboda yara da ƙura. Kafin ya biya kuma, ki tura masa kitabin da ya fi kowanne ƙanƙantar rubutu a cikin naki, ya buɗe shi a kan tabilet ɗin a nan cikin shagon. Idan ya iya karanta hashiyar gefe ba tare da ya ja da yatsa ba, ya saya.